Galila ta Sama, Galila ta Ƙasa

Talata, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Takardun sun iso yau. Ina zaure ina ɗaure kekena mai kawo wasiƙa ya shigo da ambulan biyu, ɗaya mai kauri, ɗaya siririya. Abu ɗaya aka rubuta a bayansu da Turanci: Galila M. Sharnubi, gida mai lamba tara, Damanhur. Ya ce, "Ustaz Magdi, ku kuka san 'ya'yanku. Ni dai na sauke nauyi."

Wannan ruɗani ƙanena Midhat ne ya jawo shi tun shekara sha takwas da suka wuce. Mahaifiyarmu ta rasu, matata Ihsan da matarsa Nagwa suka haihu kwana tara tsakani. Ni ne babba, ni ya kamata in mayar da sunan Hajiya Galila. Ƙanena ya ce shi ma ai ba daga bishiya ya faɗo ba. Babu wanda ya janye. Shi ya sa gida ɗaya yake da Galila ta ƙasa, tawa, da Galila ta sama, tasa.

Jami'ar nan mai zaman kanta ta Alƙahira gurbi goma kacal take bayarwa kyauta a karatun likita. Ni na cike wa yaran biyu takardun nema, lambar wayata na sa, ni na kai su jarrabawa, ni na adana katunansu a aljihun teburina. Midhat ko sunansa ba ya iya rubutawa da Turanci.

Na buɗe ambulan ɗin a zaure don in san wacce ce ta wa. Mai kauri ta ce an ɗauka. Siririyar ta ce a yi haƙuri, amma ita ce ta farko a layin jira idan wani ya fasa. Zauren nan ba shi da haske, na sha faɗa a canza ƙwan fitilar. Kuma tabarau ɗina yana ɗaki.

Ihsan ta fito, ta ga mai kaurin a hannuna, ta fizge, ta rangaɗa guɗar da sai da tantabarun maƙwabta suka tashi.

Siririyar na hau da ita sama, na miƙa wa Nagwa a bakin ƙofa. Ban shiga ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Tun kafin mu gama karin kumallo na ji muryar Midhat a matakala.

"Ustaz! Fito in sumbaci sanƙon nan da ya haifi likita!"

Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ya ɗaga Galila tawa sama kamar buhun auduga yana cewa, "Doktora! Daga yau ciwon bayana kyauta!" Nagwa na bayansa da farantin basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, idonta ja, amma ta yi murmushi, ta yi wa Ihsan barka.

Na ce, "Allah ya sa ta sama ma wani ya fasa a kira ta."

Ya ce, "In ba a kira ba fa? Makinta ya kai na likitan dabbobi. Sai ta riƙa duba jakunan unguwa, ta fara da ubanta." Ya bushe da dariya shi kaɗai.

Wato ko faɗuwa ma ya fi ni iya ta.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Midhat ya sa yaran shagonsa sun rataye fitilu masu launi daga barandarmu har tsallaken titi. Ya yanka rago. Ya tsaya a ƙofar gida da tulun jan sharbat yana zuba wa duk wanda ya fito daga masallaci. Bikin 'yata ne, amma ga abin da kunnena ya ji: "Kai, dubi zuciyar Hajji Midhat! Tasa ta faɗi, amma shi ke raba sharbat."

Shekara ashirin da tara ina koyar da lissafi a garin nan. Rabin mutanen da suka sha sharbat ɗin a ƙarƙashin allona suka zauna. Suka miƙo min hannu da sauri-sauri, suka koma wajen mai sayar da fanka da firji suna dafa kafaɗarsa. Haka abin yake tun muna yara. Ni ke zuwa na ɗaya a aji, shi ke zuwa da labari, kuma labarinsa Hajiya take saurare har abinci ya huce.

Amma yau an kira ni Abu Doktora, wato uban likita, sau bakwai. Na ƙirga.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Ban buɗe aljihun tebur ba. Ba abin da nake nema a ciki.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Galila ta sama ta sauko yau, karon farko tun ranar Talata. Ta dawo min da littattafan da na ara mata, ta jera su a inda ta ɗauke su, kowanne a gurbinsa. Ta ce, "Barka, Ammu," wato Baffa. Ta tsaya tana kallona kamar ɗalibar da ta gama amsa tambaya tana jiran malami ya duba.

Na ce, "Akwai wani abu ne?"

Ta ce, "Babu, Ammu. Sai in kai kana da shi."

Na ce ba ni da komai. Ta hau.

Yarinyar nan tana shekara tara ta gyara min lissafi a teburin nan. Na rubuta amsa, ta ɗora yatsa ta ce, "Ammu, ka manta ɗayan da ka ara." Tun ranar, kafin in gama rubuta tambaya ta gama warware ta a kai. Tawa kuwa sai ta zauna ta yi ta gogewa har takarda ta huje, sannan ta samu. Tana samu, ban ce ba ta samu ba. Amma ina Midhat ya samo irin wannan kai? Mutumin da ya bar makaranta yana sha huɗu, wanda har gobe da yatsu yake lissafin canji. Ni na zuba mata duk abin da ke kanta, cokali-cokali, duk hutun bazara. Shi me ya zuba? Sunansa kawai.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Ihsan ta kai takardar an sa mata gilashi, ta rataye ta a falo kusa da hoton Hajiya. Na ce ta yi ƙasa da yawa, yara za su taɓa. Na mayar da ita can sama kusa da silin.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

An kira wayata daga Alƙahira. Wata mace mai magana da sauri. Ta karanto lamba, ta karanto suna cikakke, da sunan uba. Ta ce ba su ji daga gare mu ba, a zo da takardun asali kafin ƙarfe biyu na ranar Lahadi ashirin da huɗu ga wata, in ba haka ba gurbin ya koma hannun na farko a layin jira.

Na ce na gode. Na fita baranda na amsa, saboda a falo waya ba ta kamawa sosai.

Ihsan ta ce, "Su waye, Abu Galila?"

Na ce jami'a ce.

"Me suka ce?"

Na ce sun ɗaga ranar rajista zuwa ƙarshen wata.

Juma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Na farko a layin jira.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan La'asar

Lissafi ne kawai, kuma ni malamin lissafi ne. A ce mutum biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a bakin ƙofa. A ce na ciki bai zo ba. Na bakin ƙofa ya shiga. Gurbin bai bar gidan ba, bai ma bar sunan ba. Galila Sharnubi aka ce, Galila Sharnubi ta tafi. Wa aka cuta a takarda? Kuma wadda take da irin wancan kai duk inda aka jefa ta za ta tsira. Ko a cikin jakuna sai ta yi suna. Wadda ba ta da shi ita ce take bukatar a buɗe mata ƙofa.

Na karanta abin da na rubuta sau biyu. Ba kuskure a lissafin. Amma na kasa cin abincin rana, ga shi Ihsan ta yi miyar mulukiya da zomo.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Magariba

Midhat ya sake saukowa, da leda a hannu. Farar rigar likitoci, da abin sauraron bugun zuciya. Ya ce tun watan jiya ya saya ya ɓoye a shago. "Na ce ko wacce Allah ya ba, ai duk Galila ce, ba sai an canza suna a aljihu ba." Gaskiya ne, an ɗinka sunan da shuɗin zare.

Tawa ta sa rigar. Hannun ya yi mata tsawo, don ta sama ta fi ta tsayi. Kowa ya gani. Ta ɗora abin a ƙirjin baffanta, ya riƙe numfashi yana zare ido, ta ce, "Ammu, ba na jin komai, ka mutu!" Suka yi ta dariya har Ihsan tana share hawaye.

Sai ta juyo ta ce, "Baba, kawo naka in ji."

Na ce shayina zai huce.

Ban taɓa ganinta haka ba. Tana tafiya a gidan kamar an ƙara mata tsawo. Jiya ta shigo ɗakin karatuna ba tare da ta tsaya a ƙofa tana jiran izini ba, ta zauna a kan hannun kujerata. Rabon da ta yi haka tun tana 'yar shekara shida.

Talata, 19 ga Agusta, da safe

Nagwa ta tare ni a matakala da kwandon mangwaro. Ta ce, "Ustaz, don Allah in sun kira wayarka kan layin jiran nan, ko muna barci ka buga mana ƙofa. Yarinyar ba ta magana, ba ta cin abinci. Tana zaune a taga kawai tana kallon ƙofar gida."

Na ce in sha Allahu.

Ta ba ni mangwaro huɗu. Suna nan a kan firji, firjin da ya fito daga shagonsa. Fankar da ke kaina ma daga can ta fito. Duk inda na juya a gidan nan sai na ga hannunsa.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan Azahar

Saura kwana huɗu. Zafi ya yi yawa. Ban fita ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

Na je aski. Na dawo na tarar da Galila tawa a ɗakin karatuna, aljihun tebur a buɗe. Takardar haihuwarta ta je nema, uwarta ce ta ce a fara haɗa kaya. Ta sauko da takardar jami'a daga bango, ta ajiye ta a kan tebur, katunan jarrabawa biyu a gefenta, kowanne da hotonsa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, wacce ce lambata?"

Na ce ai tana gani.

"Ina so in ji daga bakinka."

Na ce 2086.

Ta ɗora yatsa a ƙasan takardar, inda aka rubuta 2087 da ƙananan baƙaƙe. Ta ce, "Yaushe ka gani?"

Na fara maganar fitilar zaure. Ta ce, "Baba, kai da kake karanta lambar mota daga baranda?"

Na zauna. Na yi mata bayanin layin jira, dalla-dalla, yadda zan yi wa aji. Na ce kwana uku kawai suka rage, ba wanda zai taɓa sani, kuma don ita na yi. Ta bar ni har na kai aya.

Ta ce, "Ba don ni ba ne. Tun ina ƙarama na san da za a ba ka zaɓi, ita za ka ɗauka. Ban taɓa jin haushinka ba, don ni ma na san ta fi ni. Amma kwana sha shidan nan kana kallona irin kallon da kake yi mata, na ce ashe haka take ji. Ashe ko a lokacin ma ka san ba ni ba ce."

Ta cire takardar daga gilashin a hankali don kada ta yage. Ta ninke farar rigar. Na ji takunta a matakala, ashirin da biyu, ban taɓa jin tsawonsu kamar yau ba. Shiru. Sannan guɗar Nagwa.

Ihsan ta shigo da ludayi a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Abin da ta gaya musu a sama shi ne: Baba ne ya gano. Wai ina haɗa takardu na lura da lambar, na kira jami'a na tabbatar, na ce maza a kai wa mai ita.

Don haka yau a ƙofar masallaci Midhat ya riƙe hannuna ya ɗaga sama a gaban jama'a, yana kuka da majina, ba kunya. "Ku ga yayana! Wallahi da ni ne da na haɗiye takardar da ruwa! Ya cire daga bakin 'yarsa ya sa a bakin tawa!" Ya sumbaci kaina. Liman ya ce irin su Ustaz Magdi ne gishirin gari. Mutanen da ba su taɓa tsayawa gaishe ni ba suka yi layi.

Abin da na yi shekara hamsin ina so ke nan. Na samu yau.

Fitilun ba a sauke su ba, an dai mayar da igiyar zuwa baranda ta sama. Ihsan ta rufe tagogi, ta ce kanta na ciwo. Ba ta tambaye ni maganar ɗaga ranar rajista ba. Ta dube ni sau ɗaya a kan abinci, ta ci gaba da tauna.

Galila tawa tana amsa min da "to" da "a'a".

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Midhat ya ce ni zan kai Galila ta sama Alƙahira gobe. "Ni in na shiga wurin nan sai in sa hannu a inda ake sayar da gidanmu ban sani ba."

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan Magariba

Mun bi jirgin ƙarfe shida. Ta sa hannu sha biyu saura. Matar da ke karɓar takardu, ina jin ita ce mai saurin maganar, ta miƙo min biro ta ce, "Uban Doktora ya sa hannu a nan." Na karɓi biron. Na riƙe shi. Galila ta ce, "Baffana ne. Shi ya koya min lissafi." Matar ta ce to a rubuta mai rakiya.

A jirgin dawowa ta saya min shayi. Mun wuce garin Tanta ba wanda ya yi magana. Ina kallon gonakin masara na ce, don in ce wani abu, Allah ya taimaka da aka gano a kan lokaci.

Ta ce, "Ammu, siririyar ma akwai lamba a ƙasanta."

Na juyo.

"Awa uku na zauna da 2087 a manne a teburin jarrabawa. Kai ka koya min ba a manta lamba."

Na ce, "Tun ranar farko?"

"Tun Mama ba ta rufe ƙofa ba."

"To me ya hana ki magana?"

Ta juya kofin shayinta. Ta ce, "Da na faɗa, Baba zai tambayi wa ya raba takardun. Ka san shi, ba ya riƙe abu, amma in ya riƙe ba ya saki. Gida ɗaya muke. Na ce bari in jira ka hawo da kanka. Na ba ka har jiya Asabar da La'asar."

"In ban hawo ba fa?"

"Da na taho ni kaɗai. Kuɗin jirgi na cikin littafina." Ta kurɓi shayin. "Kullum ina jin takunka a zaure. Sau biyu ka taka matakalar farko."

Sau uku ne. Ban gyara mata ba.

Ta yi barci kafin mu iso, kanta a jikin taga. Na zauna ina kallonta. 'Yar Midhat. Duk wannan, 'yar Midhat.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan La'asar

Gobe tawa za ta yi rajista a kwalejin kimiyya ta nan garin, inda makinta ya kai ta tun farko. Na goge takalmina, na fito da rigar da nake sawa ranar rabon sakamako. Na jera mata takardunta a sabon fayil, kowacce da kwafi biyu. Na ƙwanƙwasa ƙofarta na ce mu fita ƙarfe takwas kafin layi ya yi tsawo, shugaban sashen lissafi ɗalibina ne.

Ta buɗe, ta karɓi fayil ɗin, ta ce na gode. Ta ce, "Ka huta, Baba, jiya ka sha hanya. Ammu Midhat ya ce zai kai ni."

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe takwas da kwata na safe

Ina baranda. Ya fito da babur ɗinsa, ya share mata wurin zama da hannun rigarsa. Ya riƙe fayil ɗin a juye yana yi kamar yana karantawa, ta ƙwace tana dariya. Ta hau, ta riƙe kafaɗarsa. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Ustaz! Kada ka damu, zan dawo maka da ita farfesa!"

Ita ba ta ɗaga kai ba.

Sun sha kwanar gidan burodi. Har yanzu da rigar a jikina.